Sunan da Inna Baiwa Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa sauka daga tirela a Head Bridge ta Anacha da yunwa a cikinsa ya san Inna Baiwa. In bai san sunanta ba, ya san tandarta. Tana nan a bakin layin 'yan albasa, inda hayaƙin motoci da yajin albasa suke haɗuwa su sa baƙo hawaye. Ni sunana Zinariya, kayan miya nake sayarwa, kuma teburina yana jingine da rumfarta tun ina goyon 'yata ta biyu. Yanzu ga shi 'yar tana goyon tata. Saboda haka in na ce na san Inna, ba sanin shanu nake nufi ba.

Gara in faɗa tun yanzu, ba mace ce mai daɗin zama ba. Ba ta hira, ba ta tsegumi. In ka kawo mata gulma da zafinta sai ta juya waina ta ce, "Allah ya kyauta," ta bar ka da baki buɗe. Ni kuwa Allah ya yi ni da magana, in na yi shiru na ɗan lokaci maƙwabta sukan leƙo su ga ko lafiya. Mun sha yin faɗa da ita, amma yawanci ni kaɗai nake yin abina, ita tana zuba ƙullu.

Daga wani ƙauye a ƙasar Rano ta biyo mijinta zuwa Anacha, tana da ƙuruciya, shi yana sayar da busasshen tattasai. Da ya rasu 'yan'uwa suka aiko ta koma gida, ta ce ai inda tukunyarka take nan ne gida. Ta koyi yaren Ibo a bakin tanda har tana ciniki da shi, ta aurar da 'ya'yanta mata da kuɗin waina, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa neman taimako ba.

Ɗanta na fari a ƙauye ya tashi wajen kakarsa, kamar yadda aka saba. Sai da ya zama saurayi ya biyo motar albasa ya zo yin dako. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu: ba ta kiran sunansa, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. To, ta Inna ta wuce misali, don kakarta Bafulatana ce. In ya zo cin waina layi yake bi kamar kowa, ta miƙa masa kwano tana kallon wani wajen. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wannan ɗan dakon". Na daɗe ban san ɗanta ba ne. Ludayin miya ne ya tona mata asiri a wajena. Kowa daga sama take ɗebar masa, shi kaɗai take nutsa ludayi har ƙasan tukunya, inda nama yake kwanciya.

Ranar da abin ya faru, rana ta yi tsaka. Yaron ya gaji da sauke kaya, ya shiga sito ya kwanta a bayan buhuna. Ubangidansa, wani Alhaji namu, Allah ya ji ƙansa, bai san yana ciki ba, ya datse ƙofa da kwado ya tafi masallaci. Janareto ya kama da wuta a shagon baya, wutar ta tsallako. Oga Obiora, Ibon da yake sayar wa 'yan albasa buhuna, ya ɗauko ƙarfe ya yi ta dukan kwadon nan mai zafi har fatar tafin hannunsa ta saɓule. Kafin ƙofa ta buɗe hayaƙi ya gama aikinsa.

Inna ba ta yi kuka ba. A zaman makoki ita ce mai kai wa baƙi ruwa. Duk wanda ya durƙusa zai yi mata gaisuwa sai ta kau da kai ta ce, "Ku yi wa kawunsa." Ana yin sadakar uku ta koma ta hura tanda. Tsofaffi suka yi ta yabon kawaicinta. Ni dai abin ya dame ni, amma ko ni mai baki ban iya buɗe shi ba. Shekaru fiye da goma suka shuɗe a haka.

Sai ga Malama Ilham. Haifaffiyar Inugu ce, aure ya kawo ta Anacha, tana koyarwa a wata firamare. Hausarta rabi ce da rabi, in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Turancin kasuwa. Lokacin da aka shiga zaman gida na dole da 'yan aware suka ƙaƙaba duk ranar Litinin, ba kasuwa ba makaranta, mata na zaune ba aikin fari ba na baƙi sai faɗa da yara, sai ta buɗe mana shafi a waya. Bulog suke ce masa, ita ta sa masa suna Tabarma. Da mu 'yan Anacha aka fara, kafin a ce wannan sai ga matan Inugu, sai ga na Fatakwal daga Mile 2 Diobu da Rumuokoro, kowa ta jawo 'yar'uwarta.

Dokar Tabarma ɗaya ce: ba ki ajiye rubutu ki tafi, sai kin karanta na wata kin gyara mata. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta yi magana waya ta ɗauka, wata ta rubuta mata a ƙasa, ita kuma ta bi da ido har ta gane. Malama tana ba da darasi ne kawai ta koma gefe, mu muke koyar da juna. Saboda mazajen da ba sa son a ga sunan matansu a waje, kowa ta zaɓi laƙabi. Shafin kuma a buɗe yake, don duk wadda ta ji labari ta shigo ba sai ta nemi iznin kowa ba. A lokacin ba wanda ya ga aibun hakan.

Ba wanda ya zaci Inna za ta shiga. Jikarta ce ta bar mata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ranar da na gan ta tana dangwala waya da yatsa ɗaya mai maiƙo, na ce, "Inna, boko bayan furfura?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Furfurar a ka take, ba a ido ba."

Ta sa wa kanta laƙabi Tsohuwa. Wata mai ɗinki a Rumuokoro, Yasmin, ita ta zama mai gyara mata. Ba su taɓa ganin juna ba, amma in Yasmin ta makara da gyara sai ka ga Inna tana ta duba waya tana tsaki. A hankali ta wuce ni, ni da na taɓa aji uku. Na ce mata hassada nake yi, ta ce ta sani.

Wani mako Malama ta ce kowa ta rubuta ranar da ba za ta manta ba. Wasu suka rubuta ranar aurensu, wata ta rubuta ranar da ta ga Ka'aba, ni na rubuta ranar da okada ya zubar da ni a cikin kwata da tumatir ɗina. Ranar Laraba na Inna ya fito. Ga shi yadda ta rubuta:

"Rana ta yi tsaka a layin 'yan albasa a Head Bridge. An kulle ƙofa ta waje da kwado. Wuta ta tashi. Wani ɗan dako yana ciki. Yana buga ƙofa. Mutane sun cika wajen. An fito da shi ba ya numfashi. Bai ci abincin rana ba."

A kan teburina na karanta, ita tana gefena tana juya waina. Na dube ta, ba ta dube ni ba. A ƙasan rubutun Yasmin ta yi gyaranta kamar kullum: "Tsohuwa, rubutu ya yi kyau, ba kuskure. Amma ba ki faɗi wane ne ba, ba ki faɗi yaushe aka yi ba. Ki ƙara." Inna ba ta amsa ba. Ta yaya za ta amsa? Ko a rubuce, hannunta ba zai yarda da abin da bakinta ya ƙi ba.

Ranar Juma'a da safe ina kasa tattasai wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga Kano, ko sallama bai yi ba.

"Zinariya, kuna raye?"

Na ce, "Da gawa kake magana?"

Ya ce in bar wasa, ya turo mini abu. Rubutun Inna ne. Wani ɗan neman suna, wanda har yau ba mu san shi ba, ya ɗauki hotonsa daga Tabarma, ya yanke kan da yake nuna darasi ne, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa yanzu-yanzu a Anacha an kulle ɗan arewa an ƙone shi da rai. Ya haɗa da hoton wata gobara da Allah kaɗai ya san ta wace ƙasa ce.

Wanda bai zauna a kudu ba ba zai gane abin da irin wannan saƙo yake yi mana ba. Mun san yadda take tafiya. In aka taɓa shagon Ibo a can arewa, kafin rana ta faɗi abin ya dawo kanmu a nan, daga nan kuma ya sake komawa can. Kafin hantsi ya ɗaga, wayoyin layin duka suna ƙara. Direbobin da suka taso da kaya suka tsaya a hanya suka ƙi ƙarasowa. 'Yan dako suka bar aiki suka taru wuri ɗaya. Maƙwabtanmu Ibo da suka ga mun taru, sai suka fara ja da ƙofofin shagunansu. Mu kuma da muka ga suna rufewa, sai mata suka fara tattara yara. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ɗaga murya. Kowa dai yana kallon hannun kowa.

Malama Ilham ta zo da gudu, mayafinta a hannu. Ta riga ta rubuta a Tabarma cewa darasi ne, tsohon labari ne, sannan don tsoro ta goge rubutun. Gogewar ta ƙara dagula lamari, aka ce ga shi nan an tilasta musu ɓoyewa. Bayanta ga Alhaji Arzika, shugaban 'yan albasa, dattijo mai sanyin magana, amma ranar gumi ya jiƙa masa riga har baya. Shi ma ya yi magana an ɗauka ya tura gida, ya ce lafiya lau ake. Aka mayar masa da cewa ku masu dukiya kullum lafiya lau kuke cewa don kada kasuwarku ta tsaya.

A garinsu Alhaji abin ya fi zafi, don yawancin 'yan dakonmu daga can suke, kowace uwa tana zaton nata ne. Ƙanensa Hafizu ya bugo ya ce samari sun yi shawara, ana sallame Juma'a za su nufi layin shagunan Ibo. Ya je ya sami liman, liman ya ce a shirye yake ya yi magana a kan mumbari, amma ba zai hau da jita-jita ya kori jita-jita ba. In tsohon labari ne, wane ne mamacin, ɗan gidan wa? A kawo masa muryar wanda ya yi rubutun, ko ta iyayen yaron.

Ni da Alhaji muka dubi juna. Mun san mutum ɗaya ce duka biyun.

Na ce, "Alhaji, ni zan faɗa. Na san sunan, ina wajen aka yi."

Ya girgiza kai. "Ke kika rubuta? Ke kika haifa? In aka gano ba ke ba ce, mun ƙara wa wuta mai."

Muka juya wajen Inna. Tana zaune a gaban tanda kamar kullum, sai dai ba mai saye ko ɗaya, ita kuma ba ta daina zuba ƙullu ba. Waina ta cika faranti tana zuba a ƙasa. Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa. Duk da saurin da muke yi bai tsallake gaisuwa ba.

"Inna, barka da hantsi."

"Barka kadai, Alhaji."

"An tashi lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi nasa iyalin, ta tambayi ƙafarsa da take ciwo. Ni ina tsaye kamar in fasa ihu. Da gaisuwa ta ƙare ya rasa ta inda zai shiga, don shi ma ɗan gida ne, ya san nauyin abin da ya zo nema. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa yaron nan na wajen marigayi, yaron nan da Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta ce, "Ai kun san shi."

Malama ta kasa haƙuri. Ta durƙusa ta kama gwiwar Inna. "Inna, abeg, suna ne kawai. Ki ce ɗanki ne, ki faɗi sunansa, finish. Minene a ciki?"

Na daka mata tsawa. "Ke Malama, rufe mana baki! Boko kika sani, ba ki san wannan ba."

Ta yi sororo tana kallona, idonta ya ciko. Yarinyar kirki ce, a Inugu ta tashi, ita ma 'yar fari ce amma uwarta da sunanta take kiranta. Ba laifinta ba ne, amma a lokacin ba ni da sararin lallashi.

Inna ta ce a kawo wayar. Muka yi ajiyar zuciya. Malama ta saita ta, Inna ta dubi gefe ta ce, "Ni na rubuta. Ba yau aka yi ba, an daɗe. Wani ɗan dako ne, Allah ya ji ƙansa." Muka jira. Ta ɗauki cokalinta ta koma juya waina.

Alhaji ya tura hakanan. Ba a jima ba Hafizu ya bugo ya ce liman ya saurara, ya ce wannan ba ta isa ba, ba suna ba dangi, kowa zai iya sa tsohuwa ta faɗi haka. Ya ƙara da cewa mutane sun fara shimfiɗa darduma, kuma ya ga samari suna ajiye sanduna a bayan katangar masallaci. Muryarsa tana fita daga wayar, duk mun ji. Inna ma ta ji. Wainar da ke cikin tanda ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta.

A wannan lokacin Tabarma ba ta zauna ba. Matan Anacha suna ɗaukar hoton layin suna sawa, ga situna a tsaye ba hayaƙi. Na Inugu da na Fatakwal suna kwasa suna tura wa danginsu, kowa garinsu. Amma hoto ba ya magana, ana cewa tsoho ne. Sai saƙon Yasmin ya shigo, da murya ta yi shi. Malama ta buɗe.

"Tsohuwa, yanzu na gane. Ni ma ina da ɗan fari. Ban san naki ba ne da ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Hannun Inna ya tsaya a kan cokali.

Sai ga Oga Obiora ya fito daga shagonsa. Ya tsufa yanzu, kansa fari fat. Bai zo wajen Inna ba, wajen Alhaji ya zo, da waya a hannunsa. Tun gobarar yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sosai, da hannu biyu yake riƙe waya. Babban ɗansa ne yake kula da shagon buhunansu a garinsu Alhaji, don daga inda albasa take tasowa can ake buƙatar buhu.

Ya ce, "Alhaji, my pikin dey there. Since morning I dey call, e no pick." Sai ya juya da gurguwar Hausarsa, "Ɗana na fari. Ba ya ɗauka."

Ya sake bugawa a gabanmu. Muna jin ƙarar tana shiga har ta katse. Ya sake. Bai roƙi kowa komai ba, bai ma san Inna ce ta yi rubutun ba. Inna ta zuba wa hannuwan nan nasa ido, masu tabo kamar busasshen ganda. Ta daɗe tana kallo.

Ta janye itacen wuta daga ƙarƙashin tanda. Ta wanke hannu a bokiti, ta goge a zaninta, ta gyara mayafi. Ta ce da Malama, "Riƙe wayar. Ki sa fuskata." Ta yafito Oga Obiora da yaren Ibo ta ce ya tsaya kusa da ita. Wannan karon cikin idon wayar ta kalla.

"Salamu alaikum. Sunana Baiwa, mai waina a Head Bridge, 'yar ƙasar Rano. Ni na yi rubutun nan, makaranta aka ce mu rubuta. Ba yau aka yi ba, shekarar da kogi ya yi babbar ambaliya ce. Ba wanda ya cinna wuta, janareto ne. Wanda ya kulle ƙofar namu ne, Musulmi, bai san da mutum a ciki ba. Ya rasu, na yafe masa. Wanda ya fasa ƙofar ga shi nan, Ibo ne. Nuna musu hannunka."

Oga Obiora ya buɗe tafukansa, bai san me ake ciki ba sai yanzu.

"Yaron kuma," in ji Inna. Ta tsaya.

Alhaji ya sunkuyar da kai ƙasa don kada ya ga fuskarta. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa.

"Ɗana ne. Na fari." Muryarta ta fito da ƙyar kamar ƙofar da ta shekara a rufe. "Sunansa Zainulabidin. Zainulabidin ɗan Muhammad Sani mai tattasai. Ni na haife shi. Duk wanda ya taɓa ɗan wani da sunan ɗana, ban yafe ba har gaban Allah."

Malama tana kuka. Ta danna turawa. Sai abin ya tsaya yana juyawa, sabis ya yi ƙasa. Ta ɗaga wayar sama, ta hau kan bencina, ta taka mini tumatir, ban ce uffan ba. Yana juyawa, yana juyawa. Daga masallacinmu aka yi kiran salla. Sannan saƙon ya tafi.

Ta sa a Tabarma kuma. Matan garuruwa uku suka yi masa caa, kowa ta tura duk inda ƙaryar ta bi. Ni kaina na tura wa yayana na ce ya tura wa wanda ya turo masa, in ba haka ba kada ya sake kira na.

Daga nan sai jira. Rabin mazan suka tafi masallaci, rabi suka ce ba za su bar mata su kaɗai ba. Wayar Hafizu a kashe, yana cikin sahu. Oga Obiora ya zauna a bencin masu cin waina, wayarsa a cinya. Inna ta koma kujerarta a gaban tanda mai sanyi, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ba wanda ya iya kallonta, kamar mun gan ta ba mayafi.

Wayar Alhaji ce ta fara ƙara bayan an sauko. Hafizu ya ce liman ya ba da labarin a huɗuba, ya faɗi sunan yaron da na ubansa, bayan salla kuma ya sa aka kara wayar a lasifika mutane suka ji da kunnensu. Da ta zo wajen sunan, tsofaffin da ke sahun gaba suka yi ta salati, don sun san abin da ake nufi in uwa ta kira ɗan fari a bainar jama'a. Wani dattijo ya miƙe ya ce mace ba ta yin wannan a kan ƙarya. Wasu 'yan samari sun je sun jefi ƙofofin shaguna da duwatsu, amma manya sun kore su. Ba a zubar da jini ba. Muna cikin haka wayar Oga Obiora ta yi ƙara. Ya kasa dannawa, ni na danna masa. Ɗan ne, ashe maƙwabcinsa Bahaushe ya ɓoye shi a ɗaki tun safe ya hana shi taɓa waya.

Alhaji ya so a naɗe Tabarma gaba ɗaya. Mata suka ce ba su san zancen ba. Aka daidaita a kan a yi mata ƙofa, sai wadda aka sani za ta shiga, kuma duk labarin da ya taɓa faruwa a sa shekararsa a sama. Albasar da ta kwana a hanya wata ta lalace, an yi ta ƙorafi, amma wannan ciwon mai sauƙi ne.

Washegari Inna ba ta hura tanda ba. Tun da na san ta, in ba Litinin ba ko salla ko kwana ukun makokin nan, ban taɓa ganin tandar nan ta wuni da sanyi ba. Na rufe teburina na bi ta gida. Na same ta ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana zaune, wayarta a gefe tana ta ƙara. Gaisuwa ce take shigowa daga matan da ba su taɓa ganinta ba, kowa tana cewa Allah ya ji ƙan Zainulabidin. Tana karantawa ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashin. Mata suka fara shigowa suna zama, ba wanda ya kira su.

Ranar Lahadi wata doguwar mace ta yi sallama da jakar hannu da ƙurar mota a ƙafarta. Da ta yi magana muka gane muryar. Yasmin ce, tun daga Rumuokoro. Ta durƙusa a gaban Inna ta ce, "Maman Zainulabidin, ya haƙuri?"

Ina jira ta ce a yi wa kawunsa. Ba ta ce ba. Ta kama hannun Yasmin da hannu biyu, ta dube ta kamar mai ba da amsar gyaran da aka yi mata tun ranar Laraba.

"Na ajiye masa nasa a ƙasan tukunya," in ji ta. "Ina ta jira ya shigo layi."

Sannan ta yi kukan. Na tashi na ɗauki buta da kofi, ni na kai wa baƙi ruwa.